Fatsa Ba Koto

Assalamu alaikum, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Maman Biyu da 'yan biyun kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ta ƙi jin magana.

Tunda wayarka ta zama ta ado, na koma takarda irin ta mutanen da. Sau goma sha ɗaya na kira ka a makon nan. In fushi kake da ni ka faɗa mini laifina, in kuma kunnen ne ya toshe ka je a wanke maka. Direban da zai ba ka wannan takarda kullum yana bi ta gaban maɗaba'arku. Na gaya masa kada ya ta da mota sai ka damƙa masa amsa, ko layi biyu ne.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai kana ɗawainiya da shi tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Kai ne wanka, kai ne juyi, kai ne aski, ni kuwa sai in zo in yi kwana uku in kama gabana. Ban manta ba. Amma yanzu ka yi iya yinka, ka fita ka sha iska mana. Ka kai yaran nan wurin wasa, su ma su san suna da uba. Maman Biyu ta ce mini ka koma fatsarka ta ranar Asabar, na ji daɗi. Ka ba direba manya guda biyu ya kawo mini, in dai ba irin kifin nan naka ba ne, wanda kullum shi ne babba, kuma kullum shi ke tsinka zare ya gudu.

Ka shafa mini kan 'yan matana.

Yayarka

Wa alaikumus salam, Yaya,

Na samu takardarki. Muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Ba fushi nake ba. Wayar tana ƙara ina kallonta, in ce bari in gama abin da ke hannuna in kira, sai in ga yamma ta yi. Rubutu ya fi mini sauƙi, takarda kuwa ga ta nan har wuya a wurin aiki.

Labari babu. Littattafan rubutu na 'yan makaranta muke ta yi. Wuƙar injin yankan takarda ta dakushe, na faɗa wa mai wurin tun wancan watan, ya ce a lallaɓa. Shekaranjiya na yanka dubu biyu a karkace. Ya yi ta faɗa, ina tsaye ina kallon maɓallin rigarsa da ya kusa tsinkewa. Da ya gama na koma kan injin.

Famfon banɗaki yana ɗiga. Na sayo roba, ta yi kaɗan. Na mayar, mai shagon ya ce ba a mayar da abin da aka buɗe. Na sa bokiti a ƙarƙashi. Takalmina ma ya tsinke a hanya, na ƙarasa gida ina jan ƙafa.

Eh, ina zuwa bakin ruwa ranar Asabar. Mota biyu nake shiga, sannan in taka kamar minti ashirin. Akwai wani faffaɗan dutse da nake zama a kai. Wani tsohon ɗan sanda yakan zauna can gefe da tasa sandar, ba ya magana, ni ma ba na yi. Ruwan ya ja baya bana. Ban kama komai ba tukuna, ki yi haƙuri da kifin.

Wurin wasa mun je. An rufe lilon da suke so, wai ana gyara. Na saya musu alewa muka dawo.

Ki gaida maigidanki da yara.

Ƙanenki

Assalamu alaikum, Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Ki gafarce ni da na rubuto ba da sanin ƙanenki ba. Na bi direban har tasha na ba shi, don ban san wa zan faɗa wa ba in ba ke ba.

Yaya, ƙanenki ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya hana mu komai. Da ma yana faɗan, da na san da mutum nake zaune. Yana cin abinci kamar yana cike takarda a ofis. Kullum ƙarfe sha biyu yana barin aiki ya zo gida, lokacin da yake juya Baba a da. Sai ya tsaya a ƙofar ɗakin ya ɗan jima, ya sha ruwa, ya koma. In na ce sannu da zuwa ya ce yauwa.

Maganar kifi, ranar Juma'a ina share ƙarƙashin gado na jawo jakar fatsarsa. Ƙugiyoyin suna cikin takardarsu, ko buɗewa ba a yi ba. Gwangwanin da yake zuba tanar koto ya bushe ƙayau. A bakin zaren ba komai sai ɗan dalma. Wata uku yana jefa zare a ruwa ba ƙugiya ba koto.

Ban sani ba ko ya ba ki labarin wurin wasa. Da muka tarar an rufe lilo, ya samu benci ya zauna. Na je sayo ruwa, na bar masa yaran. Ina dawowa na ga babbar ita kaɗai. Na ce, “Baban Biyu, ina ƙaramar?” Ya ce, “Tana nan.” Na ce, “Ba ta nan, ta ɓace!” Wallahi Yaya, ya dube ni ya ce, “To.” Bai tashi ba. Ni na yi ta gudu ina kiran sunanta kamar mahaukaciya, sai can na same ta a bakin ƙofar fita, mai sayar da balan-balan yana riƙe da hannunta. A mota babbar ta raɗa mini a kunne, wai ko Baba ya daina son su ne.

Shekara bakwai na yi haƙuri, ban taɓa ƙorafi ba, don Baba ubana ne ni ma. Ina ce wa kaina wata rana mijina zai dawo mana. Yanzu ban san me nake jira ba. Saura mako uku a ba da hutu. Zan tafi da yaran gidanmu, kuma ban yanke ranar dawowa ba.

Don Allah kada ki ce ni na faɗa miki.

Ƙanwarki,
Maman Biyu

Auta,

Sallama a taƙaice, don yau ba gaisuwa ta kawo ni ba.

Kada ka tambaye ni wa ya gaya mini. 'Yarka ta ɓace a cikin jama'a ka ce “to”? To ɗin me? Kai da ka taɓa bin mai kemis har titi uku don ya ƙarasa maka maganin Baba? Sannan ka zauna ka rubuto mini labarin famfo da takalmi, ka ce ka saya musu alewa. Wane irin mai fatsa ne ke zuwa ruwa ba ƙugiya? Kifin ne zai zo ya ɗaure kansa?

Matarka tana haɗa kaya, in ba ka lura ba. Mace irin wannan ba a tsintarta a hanya.

Ni na goya ka, Auta, na san lokacin da kake ɓoye abu. Ka faɗa mini abin da ke cinka. In ba haka ba zan ja gwiwar nan in shigo mota, in zo in tsaya maka a kan injin har sai ka buɗe baki a gaban mai wurin.

Allah ya shirye ka, ya sassauta maka.

Yayarka

Wa alaikumus salam, Yaya,

Na gode. Duk abin da aka faɗa miki gaskiya ne. Na ga akwatin a kan kujera.

Kin tuna ranar da Baba ya rasu. Kin zo ran Juma'a, da safiyar Asabar kika ɗauko sandar fatsata daga bayan ƙofa kika kakkaɓe ƙurar, kika ce in tafi, ke za ki zauna da shi. Na ce sha biyu ake juya shi. Kika ce ai ke ma kina da hannu.

Abin da ba ki sani ba shi ne na ji daɗin ranar. Na kashe waya. Na kama uku, ɗaya ya kai tsawon damtsena. Na ci burodi a kan dutsen, na tsoma ƙafa a ruwa, har waƙa na yi. Sha biyu ta wuce ban ma sani ba. A mota ina dawowa, bokiti a tsakanin ƙafafuna, na ce a raina, da ma kullum haka ne.

Da na shawo kwana na ga takalma a ƙofar gida, na gane. Yaya, abin da ya fara zo mini shi ne, shi ke nan, gobe ba juyi. Na ji kafaɗata ta yi sakayau. Na tsaya da bokitin a hannu ina jin sauƙi, ubana yana kwance a ɗaki.

Daga nan na zauna jiran baƙin ciki ya zo. Mutane suna kuka suna riƙe hannuna, ina cewa na gode. Har yau bai zo ba, kuma ba abin da ya zo a madadinsa. Ranar wurin wasa na ji abin da ta ce sarai. Na san ya kamata in tashi. Kamar daga wani ɗaki ake maganar, an rufe ƙofa.

Ruwan ina zuwa ne don can ba mai tambayata komai. Ƙugiya kuwa ba na so in sake kama wani abu.

Abu ɗaya nake riƙe da shi, da kika ce kina zaune kusa da shi, hannunsa a cikin naki, ya tafi a hankali. In na tuna wannan sai in ce ko ba komai ba shi kaɗai ba ne.

Ki huta da gwiwarki, ba sai kin zo ba.

Ƙanenki

Assalamu alaikum, ƙanena,

Kwana biyar takardarka tana cikin jakata. Sau biyu direba yana tsayawa a ƙofar shagona, ina ce masa gobe.

Ƙarya na yi maka, Auta. Ba na ɗakin.

Na juya shi sha biyu kamar yadda ka nuna mini. Na ba shi shayi a cokali, ya sha biyu ya rufe baki. Na ga ya lumshe ido, Maman Biyu ta kai yara kitso, sai na ce bari in shanya zanen gadon da na wanke. Ina shanya maƙwabciyarku ta leƙo ta katanga, muka kama hira a kan yadi da ɗinki, har da dariya. Na fi rabin awa. Da na koma ya riga ya tafi. Ban san ko ya nemi wani ba, ban san ko ya yi ƙoƙarin magana ba. Hannun na riƙe, amma bayan ya huce. Da na gan ka a ƙofa da bokiti, fuskarka kamar an shafe ta, sai bakina ya faɗi abin da ya faɗa. Na maimaita wa kowa har na kusa yarda.

Sauran kuma ga shi. Ka san me ya sa ba na wuce kwana uku? Ba shago ba ne, ba yara ba ne. Ɗakin ne ba na iya jurewa, da ganin mutumin da ke ɗaga mu biyu a hannu ɗaya ana goge masa baki. Duk ranar da zan koma, da motar ta tashi sai in ji wannan sakayau ɗin da kake faɗa. Kai sau ɗaya ka ji shi, bayan shekara bakwai a tsaye. Ni kowane zuwa sai na ji, in sayi lemo a hanya in sha abina.

Na san na ƙwace maka abu ɗayan da ka ce kana riƙe da shi. Na yi ta tunanin in bar maka. Amma ba zan iya barinka kana ɗauka kai ne mugun ɗa ni ce ta kirki ba.

Ka zage ni in kana so, zan ɗauka. In ka ce kada in ƙara tako gidanka, ba ka zalunce ni ba. Ka dai yi wa matarka magana kafin hutu.

Allah ya yafe mana, ya jiƙan Baba.

Yayarka

Wa alaikumus salam, Yaya,

Na karanta sau uku. Na nemi fushi ban samu ba. Ban sani ba ko zai zo daga baya.

Na ba Maman Biyu takardunmu duka ta karanta. Tafiyar tana nan, amma ta ce mako ɗaya.

Ran Lahadi mun kai yara gidan namun daji. Zafi, layi, zakin ma barci yake. Na riƙe hannuwansu har suka ce ina matse su. A dawowa ƙaramar ta yi barci a mota, na saɓa ta a kafaɗa daga tasha har gida. Da na sunkuya zan kwantar da ita na kasa miƙewa, sai da Maman Biyu ta kama ni.

Bayana yana ciwo, Yaya, sosai. Ta ce shekara uku ke nan tana ganina ina dafa shi. Ni sai ran Lahadi na ji.

Ki zo. Ki yi fiye da kwana uku.

Ƙanenki