Ɗauko Jitarka Daga Ƙarƙashin Gado

Radoš, mijina, inuwata, ruwan sanyina na ranar girbi, dutsen da na jingina da shi ban faɗi ba,

Na cusa takardar nan cikin jakar abincinka, tsakanin burodi da cuku, don in na dubi idonka bakina mutuwa yake yi.

Wata huɗu ke nan da muka binne ƙanena Milutin, mai gangar ƙungiyarku. An yi kwana arba'in, an raba dafaffiyar alkama ta sadaka, maza duk sun aske gemun makoki, kai ka bar naka. Jitarka kuwa tana ƙarƙashin gado kamar mai laifi. Jiya Živko mawaƙinku ya tare ni a kasuwa, ya ce in ba ka hau dandali ranar Asabar a bakin kogin Timok ba, ƙungiya ta watse ke nan, kowa ya kama gabansa. Na san domina kake yi. To wa ya ce maka shiru nake so?

Ka tuna ranar da na fara ganinku a zauren 'yan kwana-kwana? Sandunan gangar Milutin na kawo masa, ya manta su a gida. Ya haɗa su sau huɗu, sai ɗakin ya tsage! Rugugin jitar bas ya shiga ta tafin ƙafata ya hau har haƙarƙari, gilasan taga na karkarwa. Sai kai, ka rufe ido, ka ja tsirkiyar jita ɗaya sama, ta yi kuka kamar iska a kwazazzabo, ka riƙe ta, ka riƙe ta, har na manta da numfashi. Milutin ya kwatsa min ihu daga bayan ganguna: "Yaya, rufe bakinki kada ƙuda ya shiga! Wannan da kike kallo ko ferayar dankali bai iya ba!" Bai yi ƙarya ba. Har yau.

Ban yi karatu mai nisa ba. Buluz dai na ji kuna ce wa irin kiɗan nan naku. Abin da na sani, a kiɗanku ne kaɗai baƙin ciki yake miƙewa tsaye ya buga ƙafa. Ina zan kai nawa in ka rufe min ƙofar nan, hasken safiyata?

Sabon mai ganga ba zai yi kamarsa ba. Zai yi sauri inda Milutin yake jan ƙafa. Ƙyale shi. Kada ka waiwaya kana neman fuskar da babu.

Zan zo da baƙaƙen kayana, tunda shekara ba ta cika ba. Gwaggo Stana za ta ce na ci mutuncin mamaci, ta faɗa. Zan tsaya gaban lasifikar hagu, inda sauti yake dukan ƙirji, in yi kukan da na kasa yi a coci. In ka hango hawayena kada ka sassauta, masoyina. Ƙara wuta.

Taka ce ni, a farin kaya da baƙi, har ranar da za a kwantar da ni,

Slavka