Kafin Idona Ya Rufe

Zuwa ga sanyin zuciyata, inuwata a tsakar rana, kurciyar da kukanta ke kwantar min da rai.

Bayan gaisuwa mai tarin bege, ya jikin Inna? Allah ya tashi kafaɗunta, ya saka miki da alheri kan jinyar da ta raba mu.

Akwai maganar da bakina ya kasa faɗa a waya. Likita ya ce jijiyar idona ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Shekaranjiya ina zana bishiya a allon wani mai shago, maƙwabcina mai walda ya leƙo yana tsokanata, wai yaushe ganye ya koma ruwan toka? Na taya shi dariya, na ajiye burushi.

Tun daga nan shagona ya ƙi ni. Janareta na ruri, ƙarfe na kuka, warin fenti da kananzir ya tsaya min a maƙoshi. Ni kuwa kurmin nan kawai nake gani. Kin tuna ranar da mota ta lalace mana a hanya, muka kutsa cikin itatuwa kafin makaniki ya gama? Kika zauna kan saiwa, kika cire takalmi, kika rera min baitocin da marigayi Baba ya koya miki, na matafiyin da ya sauke kayansa a gindin itace ya ƙi tashi. Rabin kalmomin sun zube min. Amma shirun da ya biyo bayan muryarki, wayyo, har yau shi nake nema! Ina mai zane zai samo launin shiru? Wa zai ba ni aron hasken da ke tsiyayowa tsakanin ganyaye, yana sauka a kumatunki?

Roƙona ɗaya, farin watana: idan Inna ta miƙe, ki zo ki kai ni wurin nan in zana shi, ko da shi ne na ƙarshe. Ban ce ki baro ta saboda ni ba. In kin iso kin tarar duhu ya riga ki, kada ki tsaya kuka a bakin ƙofa. Ki kama hannuna mu tafi a haka. Ki faɗa min abin da ke gabanmu, duk yadda kika ce yake, zan yarda.

Naki, da ido ko babu ido, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,

Mai fentinki.