Shekarar da Aka Kwashe Tsallake

Litinin, 4 ga Maris, 1996

Ranar kasuwa. Lung Nanda mai unguwa ya hau amalanken shanu ya faɗi saƙon sojoji: duk wanda ke zaune a Tsallake, unguwar hayin kogi, ya kwashe ya dawo wannan gaɓar kafin Asabar. Wai suna ciyar da 'yan tawayen daji. Bayan Asabar duk abin da ya motsa a can, mutum ko ɓauna, harbi ne.

Duk da haka taliyar da nake sayarwa ta ƙare tas. Tsoro ba ya hana yunwa.

Pa Ong maƙwabciyata ta matso tana raɗa: "Mo Hom, to Yayarki fa?" Na ce wace Yaya? Ni uwata mutum ɗaya ta haifa.

Laraba, 6 ga Maris

Tun safe ina baranda ina kallo. Kogin Nam Hai ya ja baya, yashin Tsallake ya cika da tukwane da kaji da tsofaffi a zube. Sojoji sun karɓe manyan jirage, har da na marigayi mijina, da su ake fito. In an gama za su ɗaure su da sarƙa. Ƙaramin kwalekwalena yana bayan rumbu, na lulluɓe shi da ƙaiƙayi.

Ban ji tausayin kowa ba, kuma nan ba wanda zan yi wa ƙarya. Tun zamanin sarakuna garinmu Ta Mawk kashi biyu ne. Mu a Tudu, da kasuwa da gidan sufaye inda muke ibada da tsohuwar fada. Su a Tsallake, masu wankan gawa da haƙar kabari. Ba ma cin abinci a kwano ɗaya, ba ma aure. Yaya Seng Ing ta san haka sarai, ta shiga kwalekwalen Kaw Ling da rana tsaka, kowa na gani. Ita ta tafi da masoyinta, ni aka bari da kuka. Gidan maƙerin azurfa da suka nemi aurena suka janye, wai ba sa haɗa zuri'a da masu gawa. Baba bai sake zama a gaban sahu a gidan sufaye ba har ya mutu. Ni na ƙare a hannun mai fito, mashayi, ni na yi jinyar Inna ni kaɗai.

Shekara arba'in ke nan. Tsuntsun da ya ja ruwa.

Juma'a, 8 ga Maris

Ta zo.

Filin da aka ba su yana bayan mahauta, ba inuwa ba rijiya. Na san Yaya za ta zo, na ma share tsanin hawa gidana, da yake a kan ginshiƙai yake. Ta tsaya a gindinsa ta ce, "Ƙanwata." Haƙoranta sun zube. Tafiyar Inna sak, abin ya ba ni haushi. Kaw Ling na bayanta da tabarma da tukunya da ɗan buhun shinkafa, yana tari kamar zai amayar da huhu. Ɗansu tuni ya bi hanyar ƙasar Thai, ba labari.

Na ce, "Sama na mutane ne. Ƙarƙashin gida kuwa, tun da na sayar da aladu ba kowa."

Ta ce, "Mun gode."

So na yi ta yi kuka, ko ta zage ni. Mun gode!

Na gaya wa Pa Ong don kada a yi da ni a gari na bar su. Gaskiyar ita ce ina son in riƙa jin ta a ƙarƙashin ƙafata.

Asabar, 9 ga Maris

An cinna wa Tsallake wuta. Gora na fashewa kamar bindiga, toka har cikin romona. Kaw Ling ya tsaya a bakin shinge yana kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, na wane ne, na wance ne. Har ya zo kan nasu. Na leƙo na ce ya matsa, yana tare wa masu saye hanya.

Talata, 12 ga Maris

Na wanke daɓen katako da ruwa mai yawa. Akwai tsaga a tsakanin katakon. Ruwan ya zuba musu, Yaya ta fito da tabarma ta shanya.

Lahadi, 17 ga Maris

Tsohon nan Kaw Ling yana da baki. Ina tsinke ganye a tsani, ya ɗago kai daga kwandon da yake saƙa ya ce, "Ƙanwa, kin san asalin garin a wajenmu yake?"

Na ce ni ba ƙanwarka ba ce.

Bai fasa ba. Wai a dā kogin ta bayan Tsallake yake bi, inda fadamar agwagi take yanzu, kuma fada da kasuwa duk a can suke. Rusasshiyar hasumiyar ibadar can da bishiyoyi suka cinye, wai ita ce ta farko, tamu jikarta ce. A zamanin kakan kakansa aka yi ambaliya, kogin ya yanko sabuwar hanya ta tsakiyar gari, annoba ta biyo baya. Masu ƙafa suka gudu tudu da sarki. Waɗanda suka tsaya binne iyayen kowa, da aka gama sai aka ce kada su hauro, suna warin mutuwa.

"To ka ga," na ce, "kakanninka wawaye ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Haka ne. Amma ni na haƙa wa Innarku kabari, kuma na zurfafa."

Na tuna. Ranar ko ruwa ban ba shi ba, Yaya kuma ban bar ta ta hauro gaɓa ba, daga cikin kwalekwale ta yi kukanta. Yau na watsa ruwan wankin ganyen a gefen ƙafarsa na hau sama.

Da yamma na duba ta taga. Fadamar agwagin kam ta yi kama da tsohuwar hanyar ruwa. To sai me?

Litinin, 25 ga Maris

Shinkafarsu ta ƙare. Ina zura musu ƙanzo da guntun daddawar waken soya a ƙoƙon kwakwa, da igiya, don kada hannu ya taɓa hannu. Kullum sai na haɗa da magana. Yau na ce, "Namijin da ƙanwar matarsa ke ciyarwa, me ya rage masa, ɗankwali?" Pa Ong ta yi dariya daga shingenta, sannan ta ce, "Ke dai Mo Hom ba ki da dama." Amma ta yi dariyar.

Yaya tana ba shi rabonta tana cewa ta ƙoshi. Ina gani ta tsagar katako.

A filin mahauta yara biyu sun mutu da gudawa.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Kaw Ling ya san da kwalekwalen. Ya jira Yaya ta tafi ɗiban ruwa, ya tsaya a gindin tsani, hula a hannu. Wai kafin su taso ya binne tulunan shinkafa shanshera a gindin tsohuwar hasumiya, wuta ba ta kai can ba. In na ara masa, zai fita kafin gari ya waye ya dawo kafin rana ta ɗaga. Rabi zai zama nawa.

Na ce, "In an kama jirgin, sunan wa za a kira? Naka?"

Ya ce to.

Da na tsaya nan da ya isa. Sai na ƙara: "Ba ku ne kuke taƙama kogin naku ba ne? Ai sai ya san ka. In da zuciya, kututturen ayaba ma jirgi ne."

Ya sa hularsa. Ya juya ya tafi.

Talata, 9 ga Afrilu

An sare min ayaba biyu a bayan gida. Kaw Ling ba ya nan. Yaya ta farka ba ta gan shi ba, ta hauro tsanina har mataki na uku kafin ta tuna ta koma.

Da hantsi ya yi muka ji harbi daga can. Ba yawa.

Ayabar nan saura kaɗan ta nuna.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Kullum Yaya tana tafiya Gwiwar Giwa, lanƙwasar da ke ƙasan gari, inda ruwa ke juyawa ya tofar da duk abin da ya haɗiye. Tana zama a kan dutse har rana ta faɗi. Ƙoƙon da na zura jiya yana nan yadda yake, tururuwa sun cika shi.

Ba ni na ce ya tafi ba. Magana na yi. Kowa na magana.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bikin watsa ruwa na sabuwar shekararmu. Gari ya jiƙe, ganguna, 'yan mata da furanni a ka, sojoji ma ana watsa musu suna washe baki. Ina dawowa daga kai wa sufaye abinci mai kamun kifi ya tare ni: "Baƙonki ya iso Gwiwa."

Na je wajen Lung Nanda. Ya ce, "Ni ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba. Wanda ya ce nasa ne ya amsa cewa daga gidansa aka ƙetare." Na je filin mahauta, ai aikinsu ne tun kaka da kakanni. Akwai soja a bakin shinge, duk suka sunkuyar da kai. Sufaye kuwa ba sa zuwa kan wanda ruwa ko bindiga ta kashe, ba a ma shigo da shi gari. Wannan kowa ya sani.

Na koma gida na zauna. Na tashi. Na ce bari dai in je in ga ko Yaya ta jawo min magana. Fartanyar don macizai na ɗauka.

Na same ta ta shiga ruwa har ƙugu tana jan sa, ya fi ƙarfinta. Ya kumbura, kifi sun taɓa fuskar. Ramin harsashin a baya yake. Ya ɗaura ɗan buhu a wuya, shanshera ta jiƙa har ta fara tsiro. Ashe ya kai, a hanyar dawowa ne aka harbe shi.

Na kama ƙafafun. Fatar ta zame a hannuna.

Ban taɓa haƙa kabari ba. Ita ke faɗa min, ba ta dube ni ba: nan yashi ne zai rufta, hau sama. Kan ya dubi can. Ƙara zurfi, karnuka. Daga gari ana jin ganga. Hannuna ya fashe, na yi amai, na ci gaba.

Da muka rufe ta kwance buhun ta miƙo min. Ta ce, "Ga rabinki. Kin kuma rage bakin ciyarwa guda."

Ban karɓa ba. Ta ajiye a gabana ta tafi.

Laraba, 17 ga Afrilu

Na yi wanka da ruwan ganyen tsarki har fatata ta yi ja. Warin yana cikin hanci, ba a jiki ba.

Asabar, 20 ga Afrilu

Mai kamun kifi ya baza labari. Na kafa tukunya tun safe, ba wanda ya zauna a bencina. Matar mai shayi ta ja ɗanta ta tsallaka titi. Na kai wa Pa Ong kwanon da na ara, ta ce, "Ajiye a ƙasa, Mo Hom, zan ɗauka." Matar da muka yi shekaru muna tsefe wa juna kai! Na ce, "Ke Ong, ni ce fa." Ta ce, "Na sani. Ba ni na kafa al'ada ba."

Na zubar wa karnuka romon. Su ba su tambaya ba.

Laraba, 24 ga Afrilu

Soja ya zo da Lung Nanda, suka tone ƙaiƙayi suka tafi da kwalekwalen. A gari ba wanda ya san da shi sai Pa Ong mai leƙe ta shinge. An ce in gode da abin ya tsaya nan. Na gode.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Na leƙa ƙasa na ce mata damina na tafe, ƙarƙashin gida zai zama kududdufi, in ta mutu a nan ni za a bari da haƙa, kuma hannuna bai warke ba. Na ce ta hauro sama kawai.

Ta ce, "Sama na mutane ne."

Tun ranar Gwiwa ba ta yi min magana ba sai wannan. Ta juya ta fuskanci ginshiƙi.

Ta rame ƙwarai. Ban ga ta ci komai ba sai ruwan shayi.

Alhamis, 2 ga Mayu

An yi ruwan farko, kogin ya yi ja. Tsallake ta fara kore, har ba a gane inda gidaje suke.

Murhun sama yana hayaƙi, idona ba ya ɗauka, shi ya sa na sauko da tukunya ƙasa na kafa duwatsu kusa da ginshiƙi. Hawa da sauka da kwanuka wahala ne ga gwiwata, sai na zuba a ɗaya. Shinkafa mai danƙo, miyan ganyen kabewa, daddawa gasassa. Na zauna a bakin tabarmarta don ƙasa da laima. Pa Ong na shanya a shinge, ta tsaya da zane a hannu tana kallo. Na gyara zama yadda za ta gani da kyau.

Na ci ni kaɗai har na kusa rabi. Sannan Yaya ta miƙo hannu, ta dunƙula loma, ta tsoma a inda nake tsomawa. Ta daɗe tana taunawa da dasashi.

Ta ce, "Gishiri ya yi yawa."

Bai yi ba. Gobe dai zan rage.