Shagon Walda Ba Na Sayarwa Ba Ne

Da sunan Allah. Da hankalina nake wannan magana. Zuciya ce likita ya ce ta gaji, bai ce kai ba. Ban yi boko ba, don haka maƙwabcina tela ke rubutawa, kuma na hana shi gyara mini ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Shagon walda ba na sayarwa ba ne. Kai Babba, ina kwance a asibiti ka kai mai kantin magani ya auna bango. Ka ɗauka ba zan ji ba?

Na biyu. Kai malamin Turanci ne, ban hana ka ba. Amma ban manta ranar da ka tsaya gaban masu sayen ƙofa ka ce allon shagona kunya yake ba ka, wai ba babban baƙi, ba aya, ba waƙafi. Har yau 'yan layinmu Baba Waƙafi suke kirana. To tunda gyara kake so, ga aiki: ka sake allon da hannunka, kuma duk takardar neman kwangila kai za ka rubuta, ka sa kowane ɗigo a mazauninsa. Ilimin da bai tsare gidan ubansa ba, ban san amfaninsa ba.

Na uku. Auta ya sayar da motarsa ya sayo injin yankan ƙarfe, injin ya ƙone. Tun daga ranar kai Babba ka daina amsa gaisuwarsa. Ni ma na zage shi, kuma ban janye ba, don bai shawarce ni ba. Amma ni da aron inji na fara, kowa na cewa na haukace. Mai tsoron tartsatsi ba ya walda. Makulli na hannun Auta. In zai sake kasada a bar shi, sai dai ya fara zama da yayarsa nas, ita ce ba ta jin kunyar ce masa a'a.

Na huɗu. Ƙanena direba kada ya sa baki a rabon gado. Ya san abin da ya faɗa.

Allah ya yi muku albarka dukanku, har kai Babba. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Ban da shagon nan ba ku da inda kuke haɗuwa. Duk wanda ya sa hannu aka sayar da shi, ni da shi sai gaban Allah.