Na Sha Ƙwayoyin Kakata, Ga Gasa Ta Matso

Etelka néni, innarmu mai ba da shawara a jarida, don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Shekarata goma sha shida, a garin Eger nake. An haife ni hannuna na hagu ya tsaya a gwiwa, don haka na daman ne ke ja mini ruwa, shi ne komai nawa. Bana aka zaɓe ni gasar ninƙaya ta masu nakasa a Budapest. Wadda ta yi fice a can za a tafi da ita gasar Turai.

Tun shigowar sanyi kafaɗar nan ke ciwo, na ɓoye. Kocinmu Zsolt bá', wato Kawu Zsolt, da ya ga na rage gudu sai ya ɗaga murya, “Gimbiya, yariman naki ba ya ƙarƙashin ruwa, ja hannu!” Ya taɓa kama ni da littafin soyayya a cikin tawul, shi ke nan na samu suna. Ta ina zan fara ce masa ciwo nake ji?

Nagyi, kakata, ita ta lura ko gashina ba na iya tajewa. Ta ɗauko ƙwayoyin da likita ya rubuta mata na ciwon gaɓoɓi, ta ce, “Haɗiye, 'yar tsuntsuwata. Ni da nake sha kullum, kin ga na mutu?” Na sha. Ciwon ya lafa, na ci gaba.

Jiya a ɗakin sauya kaya na ji manyan 'yan mata suna cewa ana gwada fitsari a gasar, wata mata ma za ta bi ki har bayan gida. Wai ko maganin mura ne, in an haramta shi, an kore ki. Ban san me ke cikin ƙwayar ba. In na faɗa, Zsolt bá' zai cire ni. In na yi shiru, a ce na yi maguɗi, Nagyi ta ce ita ta cuce ni. A littattafai a nan ne wani ke shigowa ya ceci yarinyar. Ni shiru.

Na so in yaga takardar nan. Amma ofishin jaridarku yana kan hanyata ta zuwa atisaye, zan miƙa wa mai gadi kafin zuciyata ta karaya.

Mai tsoro, daga Eger

*

'Yata,

Ja numfashi. Ba ki yi maguɗi ba, ciwo kika ɓoye, Nagyi kuma ƙauna ce ta ja ta. Sai dai masu gwaji ba niyya suke aunawa ba. Abin da aka samu a jikinki, ke za a tambaya.

Kada ki ƙara shan ko ɗaya sai da sanin likita. Ɗauki kwalin ƙwayoyin yau, ki je da mahaifiyarki wurin likitan ƙungiyarku. Ni ba likita ba ce, shi zai duba ya faɗa miki ko maganin haramtacce ne. Wataƙila ma ba ya ciki. In yana ciki, wadda ta kai kanta kafin gwaji ba ɗaya take da wadda aka kama ba.

Daga nan ki faɗa wa Zsolt bá'. Zai yi faɗa, kuma ba zan yaudare ki ba, yana iya cire ki bana. Zai yi zafi. Amma ni ba fitsarin ne ya fi tsorata ni ba, kafaɗar ce. Kin rufe mata baki kina ta wahalar da ita. Gasa tana dawowa baɗi, kafaɗar da ta lalace ba lallai ta dawo ba.

Allah ya ba ki lafiya da ƙarfin zuciya.

Etelka néni