Baho na Uku

Litinin, 3 ga Maris

Baban yara lafiya lau, sai gwiwa. Tarin Inna ya ragu. Ni ma lafiya, in ban da faɗuwar gaba, don Auta ta ajiye mini baƙi goma sha huɗu a bayan kicin: tarwaɗa, bakwai a baho ɗaya, bakwai a ɗayan. Ana gyaran famfo a ɗakin bincikensu na jami'a, ita kuma za ta yi tafiyar mako guda da malamarta.

Ta manna takarda a jikin kowane baho, KOGI da TAFKI. Da kaina na karanta. Shekara huɗu baya, kafin in koyi karatu, da sai dai in kalla.

"Umma, ko me zai faru kada su haɗu." Na ce ai duk fuskarsu ɗaya, gashin baki ɗaya. Ta ce a waje ne. Wai a jikin kowane kifi akwai 'yan zararruka da ido ba ya gani, kuromosom, su ke ɗauke da gado. Karfasa arba'in da huɗu gare ta, irin wannan tarwaɗar hamsin da shida. So take ta ƙirga ta ga ko na kogi da na tafki sun bambanta. In suka gauraya, aikin shekara guda ya zama ƙarya ba ta sani ba.

Laraba, 5 ga Maris

Bakwai, bakwai. Sun ci abinci. Baban yara ya ce tun da ya aure ni ban taɓa leƙa shi sau goma a wuni ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Akwai wata mai tsagaggen gashin baki a Tafki, ta fi kowa haɗama. Inna ta ce ta yi kama da kawun su Auta. Mun yi dariya har tarin ya taso mata.

Asabar, 8 ga Maris

Na canza musu ruwa da hantsi, aka yi sallama, na fita ban mayar da ragar da ke rufe bahunan ba. Ina dawowa na tarar da biyu a ƙasa, a tsakanin bahunan, suna ta mutsu-mutsu. Na ƙirga. Shida, shida. Ɗaya daga nan, ɗaya daga can, girmansu ɗaya.

Baban yara ya kama su da buhu. "Malama, jefa ɗaya nan ɗaya can. Kifi dai kifi ne, wa zai kai ƙara?" Sai da na ɗaga hannu zan yi. Lissafi zai cika, Auta ba za ta ce tsohuwa ta kasa ba.

Amma na fasa. Na kwashe wankin da na jiƙa, na ɗauraye bahon, na sa su a ciki. Na yanki takarda na rubuta BAN SANI BA. Sau biyu ina sakewa, don N ɗina juyawa take.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta kira. Na ce duk suna raye. Gaskiya ce, amma ba duka ba.

Talata, 11 ga Maris

Ta dawo. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce bayan kicin, ni ina biye kamar wadda za a yi wa allura. Ta tsaya a kan baho na uku ta karanta. Sai ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, ta riƙe ƙafata.

Ta ce shida-shida sun ishe ta, wanda zai kashe ta shi ne bakwai na ƙarya. Ta ɗauki hoton takardar ta tura wa malamarta. Na ce ta goge, rubutun kamar kaza ta bi ta kai. Ta ƙi.

Juma'a, 14 ga Maris

An gyara famfon, an kwashe su. Malamar ta ce in zo in gani. Na sa ido a na'urar ƙara girma, da farko hazo kawai, sai Auta ta murɗa wani abu. Ga zararrukan nan a warwatse kamar an zubar da tsinken ashana. Na ƙirga hamsin da biyar. Na sake, hamsin da shida. Malamar ta ce ita ma sai ta sake. Ta nuna mini takardata, ta manna ta a bango saman teburin ɗalibai. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Bayan kicin ya yi faɗi. Na sami hutu, ba ƙarni, ba ɗaukar ruwa. Na dai wanke bahunan na kife, na ɗaura wa ragar igiya, don kada ta lalace.

Na ji suna cewa za a kawo wasu daga fadama ranar Asabar, kuma wurinsu ya cika. Ba wai ina nema ba ne. Ga abin da na ba Baban yara ya miƙa mata:

"Auta, in babu wurin ajiye na fadama, akwai inuwa a nan. Ki ba ni amsa kafin Alhamis, don ruwan ya kwana biyu ya huce. Ki faɗa mini ko guda nawa ne. Takardar jikin baho ni zan rubuta."