Jan Layin Jikin Eriya

Litinin, 3 ga Maris

An kashe tsohon tsarin watsa shirye-shirye, talabijin ɗina ya zama shuɗi fayau. Wai yanzu sai da dikoda, ɗan akwatin nan da ake haɗawa tsakanin eriya da talabijin. Babban ɗana, wanda nake kira Injiniya tun yana kwance rediyon gidan nan ya kasa mayarwa, ya zo ya ɗaga kai ya kalli rufi. Ya ce eriyar babansa ta gama aiki, gidanmu a kwari yake, ba akwatin da zai kama komai da wannan tsohon ƙarfe. Zai sauke ta ya kafa mini farantin tauraron ɗan Adam.

Na ce sai dai bayan raina. Marigayi ne ya ɗaura ta da hannunsa.

Mun rabu a kan Asabar ta sama. In hoto bai tsaya ba kafin nan, ya sauke. Na yarda ne don na san zai tsaya.

Laraba, 5 ga Maris

Na aro baƙin akwatin maƙwabciya. Tashoshi ya jero mini rututu, har na fara murna. Ashe baki ne kawai. Mai karanta labarai ya buɗe baki ya daskare, fuskarsa ta farfashe gida-gida, sai rubutu: babu sigina. A da ko hoto ya yi dishi-dishi ana jin magana, mu ci abincinmu muna saurare. Wannan na zamani ko dai tas ko dai babu. Halin 'ya'yan yanzu sak.

Alhamis, 6 ga Maris

Laifin akwatin ne. Na mayar mata da abinta.

Asabar, 8 ga Maris

Na je wurin mai gyaran talabijin na bakin titi. Ya ba ni guda biyu in gwada, wanda ya yi in riƙe. Ɗaya ƙarami, ana soka shi a bayan talabijin. Ɗaya mai ruwan toka, mai nauyi, ya ce shi ne mai kunne, ko sigina ta yi rauni yana lalubo ta. Sai kuma ya tambaye ni ina eriyar take kallo. Na ce inda mai ita ya bar ta. Ya ce ai an gina dogon bene ta wannan ɓangaren. Na ce akwati na zo nema, ba shawara ba.

Ƙaramin bai kai ƙarshen labarai ba ya ɗau zafi kamar dutsen guga, ya kashe kansa. Allah ya raka taki gona.

Lahadi, 9 ga Maris

Mai ruwan tokan ya fi su hankali. Tasha uku kacal ya kamo, bai yi mini ƙarya ba. Da safe hoto na tsayawa, da yamma in iska ta taso ya fara in'ina. Na danna rimot na ci karo da wani shafi mai sanda biyu, ɗaya ƙarfi, ɗaya inganci. Ta ƙarfi ta kai rabi. Ta inganci tana rawa can ƙasa, ta leƙo ta koma.

Na canza waya. Na goge bakin soket da tsumma. Na matsar da firji, don maƙwabciya ta ce firji na shanye sigina. Bayana kawai ya shanye.

Talata, 11 ga Maris

Injiniya ya bugo, wai yaya jarrabawar akwatuna. Na ce ana nasara. Ya yi 'yar dariyar nan tasa. Ɗan jiya-jiya.

Shi bai san yadda aka kafa ta ba, yana goye a bayana lokacin. Babansa, Malam, yana kan rufi yana juyawa, ni ina taga ina kallon talabijin ina ɗaga murya: hagu kaɗan, ka wuce, dawo. Da hoto ya fito ya sauko ya ɗauki jan fenti ya sake hawa, ya ja layi daga sandar zuwa maƙalinta. Ya ce kada wanda ya kuskura ya gusar da ita daga layin nan. Ba a taɓa gusarwa ba. Ba kuma a kaina za a fara ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na fita tsakar gida na bi bakin eriyar da ido. Benen take kallo, ƙiri-ƙiri, tagar wani da shanyar wanduna.

Ba ni na ce su yi gini a nan ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau ko tasha ukun babu, hadari ya haɗo. Na zauna gaban shuɗin allo ina jin haushin kowa, har shi marigayin. Ka ja layi ka tafi ka bar ni da gadinsa.

Asabar, 15 ga Maris

Injiniya ya iso da faranti a bayan mota da tsani a sama. Ya kunna talabijin, muka kalli fuskar wata mata a daskare. Ya ɗauki sifanar kwance noti, ya kafa tsani ya fara hawa. Sai da ya kai rabi na ce masa:

"In ka hau, sassauta kawai za ka yi. Ka juya ta dama, ta bar kallon benen can."

"Mama, layin Baba fa?"

"Na ce ka juya."

Na koma taga da shafin sanda biyu a gabana. Abin haushi, wannan akwatin ba ya amsawa nan take, sai ya yi tunani. Kafin in ce tsaya, Injiniya ya riga ya wuce. Muka yi ta yi, ina faɗa yana faɗa, har maƙwabciya ta fito kallo. Daga baya na ce ya riƙa gusarwa kaɗan yana jira. Sandar inganci ta fara hawa, ta wuce rabi, ta zauna daram. Matar ta ƙarasa maganarta. Tasha tara, da iska da komai.

Ya daɗe a sama bai sauko ba. Da ya sauko idonsa ja, wai tsatsa ce ta faɗa masa. Ya tambaya ko akwai sauran jan fenti a ɗakin ajiya. Akwai, ya bushe, muka tsinka shi da kananzir. Ya ja sabon layi, tazarar tafin hannu daga na da. Bai kankare tsohon ba.

Faranti ya koma inda ya fito. Mai ruwan toka zan riƙe. Eriya ba ta sauka ba, ke nan ni na ci, juyawa ai ba saukewa ba ce.

Maƙwabciya wai ta ji lokacin da hoton ya tsaya na ce, "Ya yi, Malam, sauko a hankali." Matar da ta ce firji na shanye sigina, wa zai kama maganarta.

Ban tambayi Injiniya ko shi ma ya ji ba.